Yadda Baba Ya Shirya Jikansa Shiga Soja

Farkon damina ne. A shekarar, ruwa ya zo da wuri, muka yi shuka da murna, sai ya ɗauke kusan kwana ashirin, tsiro ya ƙone a rami. Kowa ka gani yana tafe yana duban gabas. A makon da ruwan ya dawo aka fita maimaita shuka, a makon nan Baba ya cika. Surukina nake nufi, mahaifin maigidana. Tun ranar da aka kawo ni gidan nan Baba nake ce masa, don haka a takardar nan ma haka zan kira shi.

Masu gaisuwa daga gona suka riƙa zuwa, ƙasa a ƙafafunsu, wasu ma da ƙoƙon iri a hannu. Liman ya ce shi dai bai taɓa riga shi zuwa masallaci da asuba ba. Wani Bafillace da ke shayar da shanunsa a rijiyarmu ya zauna a ƙofar gida tun hantsi har la'asar, bai ce komai ba sai addu'a. Ƙanwar Baba, tsohuwa tukuf, a amalanke aka ɗauko ta daga Guci. Da ta sauka ta ƙi kuka. Ta dubi maza ta ce, "Ku masu ɗaukar makara ku daidaita ƙafa, in ba haka ba zai tashi ya gyara muku tafiya." Aka yi dariya kaɗan. Sai da ta ga butarsa a inda ya saba ajiye ta, sannan ta rufe fuska da mayafi. Tsofaffin soja uku suka zo daga Dungas da jajayen hulunansu, suka jera a gaban ɗakinsa, suka ƙame, suka sara wa ƙofar da babu kowa a ciki.

Kowa ya faɗi abin da ya sani. Akwai wanda ni kaɗai na sani, ban kuwa iya faɗarsa a cikin taro ba. Karatun nan da girmana na koye shi a ajin yaƙi da jahilci, hannuna ba shi da sauri, amma gara in rubuta a hankali da a manta.

Baba tsohon soja ne. Yana saurayi, da mata da ɗa guda, Nasara suka ɗauke shi zuwa yaƙin Jamus na farko. Ya dawo kunnensa na hagu ba ya ji, kuma ba ya shiri da sanyi ko kaɗan. Da ɗari ya shigo sai ka gan shi da bargo har rana ta take. Ba ya ba da labarin yaƙi. In yara suka matsa masa sai ya ce, "Tafiya ce da jira, sai kuma tafiya." Kullum kafin magariba zai zauna a kan turmin da aka kife, ya wanke ƙafafunsa, ya tsane tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, ya shafa man kaɗe. Ni nake aika masa man duk wata a ɗan kasko. Yakan ce, "Bindiga ta Nasara ce, ƙafa kuwa taka ce."

Tsakanina da shi akwai kunya irin ta suruki da matar ɗa. Ba ya shiga wajen mata, ni kuma ba na tsayawa gabansa. Sai ya samo dabara. Yana da jaki da yake ɗaurewa jikin zanar da ta raba mu, in yana da magana da ni, jakin yake gaya wa.

"Kai jaki, yau miyar gidan nan ta ji gishiri, amma kada ka gaya wa kowa."

Ni kuma sai in amsa wa turmi. "Turmi, ka ce wa jaki gobe za a rage."

Shekaru muna haka, kuma ba mu taɓa rasa fahimtar juna ba.

Shekarar da abin ya faru, an gama kaka, an sayar da gyaɗa, maigidana ya riga ya tafi cin rani Kano. Sai dogarin sarki ya zo wurin maigari da sunayen samarin da za a kai Magarya bayan wata biyu, in likitan soja ya zo duba su. A ƙauyenmu suna biyu ne: ɗan maƙwabciyata, da ɗan farina. Ina tankaɗe na ji. Ban ajiye rariya ba. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, balle ta yi kuka a kansa a gaban mutane. Na ci gaba da tankaɗe har garin ya ƙare, ina ta kaɗa rariya babu komai a ciki.

Ran kasuwar Dungas Baba ya ja bunsurunsa ya tafi. Ya dawo babu bunsuru, sai wasu tsofaffin takalman soja masu ƙusa a ƙasa, rataye a wuyansa. Ya jefa wa jikan nasa.

Yaron ya ɗaga ɗaya ya juya shi. "Tsoho, wannan ai turmi ne, ba takalmi ba."

"Sa ƙafa, rago. Da kakarka tana raye da ta ga irin mijin da ta zaɓa ta bar ni."

"Ai ta san abin da ta gani."

"To, gobe da asuba mu ma za mu gani."

Daga ranar, ana sallame sallar asuba sai su fita. Yaron yana gaba da takalman nan, da rabin damin gero a kai, Baba yana biye a kan jaki. Ba hanya suke bi ba, tudun rairayin da ke arewa da gari suke hawa, inda ƙafa ke nutsewa har idon sawu. Bayan mako guda dami ya zama cikakke. Bayan wani makon aka sauke shi daga kai, aka ɗaura masa buhun yashi a baya, don Baba ya ce soja ba ya ɗaukar kaya a kai. In sun dawo da hantsi sai rijiya, ya ja wa shanun Fulani guga har kwamin ya cika. Ina jin su ta bayan zana in sun shigo.

"Kai kana kan jaki kana ba da umarni, ni ina ƙasa."

"Haka kumandan yake yi. Gara ka saba tun a gida."

"In ka faɗo ba ni ɗaukarka."

"Kai da buhu ke kayarwa?"

Da yamma sai duban ƙafa. Takalmin ya yi wa yaron bororo a dugadugai da kan yatsu, don shi tun haihuwarsa fatarsa ba ta san rufi ba. Baba zai gasa allura a wuta, ya huda, ya matse ruwan, ya shafa mai, ya koya masa yadda ake naɗe ƙafa da tsumma ba tare da ya tattare ba. In ya naɗa ba daidai ba, a kwance a sake. Har sau biyar na taɓa ƙirgawa. Sannan ya juya wajen jaki.

"Kai jaki, mai ɗaukar kaya wake yake so. Da ƙuli-ƙuli a fura. In zabi sun yi ƙwai, kada a kai kasuwa."

Na bi umarnin kwana goma sha. Yaron ya fara buɗewa ta kafaɗa, wuyansa ya yi kauri. Ina ganinsa ina jin daɗi, ina kuma jin tsoro, ban san dalilin tsoron ba sai da maƙwabciyata ta faɗa mini. Ƙawata ce tun muna amare. Muna dawowa daga itace ta tsayar da ni.

"Ke, wai kiwon turke kuke yi wa Nasara? Likitan nan a ma'auni yake ɗora su, ya auna ƙirji da igiya, ya duba haƙora kamar mai sayen rago. Wanda ya rame sai ya ce a kore shi. Nawa tun da aka kira sunansa kunu kawai yake sha. In saura kwana uku zan jiƙa masa filasko, ya wanke cikinsa tas. Ungo, na tsinko da yawa."

Ta zuba mini ganyen a bakin zane. Ban ce ina so ba, ban kuma mayar mata ba.

Ban iya zuwa in ce wa Baba ya bari ba. Ban iya kiran yaron in ce masa komai ba. Abin da ke hannuna shi ne ludayi da mara, da su na yi magana. Malmala uku na saba sa masa, na mayar biyu, na kuma rage musu girma. Fura na tsinka ta da ruwa. Waken na tura can ƙasan rumbu. Yaron bai taɓa cewa a ƙara ba. Ɗan fari ba ya roƙon uwarsa tuwo. Zai cinye, ya suɗe kwanon, ya kife, ya tashi. Da asuba kuma ya ɗauki buhunsa.

Kwana goma sha biyu ina haka. Ran na sha uku, da hantsi, na ji hayaniya daga wajen rijiya. Yana cikin jan guga jiri ya ɗebe shi, ya tafi gaba, igiya tana jansa. Bafillacen nan da na ce ya zauna a ƙofar gida ranar rasuwa, shi ne ya cafko shi ta ƙugun wando, rabin jikinsa ya riga ya leƙa ciki. Rijiyarmu gaba goma sha ce. Aka kawo shi a kan jaki, aka kwantar a zaure. Ina tsaye bayan zana da taɓarya a hannu, ban iya fita ba.

Bayan azahar na ji takun Baba. Ya tsaya jikin zana. Na jira in ji ya ce "Kai jaki." Sai ya ce, "'Yata."

Shekara ashirin da wani abu ina gidan, bai taɓa kirana kai tsaye ba. Na durƙusa a inda nake.

"Na duba kwanonsa jiya. Na yi shiru, na ce ko gero ne ya yi ƙasa. Yau na leƙa rumbu."

Na ce, "Baba, in ya yi ƙarfi za su ɗauke shi."

"Mai yiwuwa."

"In ya rame za su bar shi."

"Mai yiwuwa. Uwarmu ma haka ta ce."

Na ji ya zauna a ƙasa, ya jingina da zanar har ta lotso ta wajena.

"Mu biyu aka kira, ni da ƙanena. Ni ta san ba ni da mafita, na riga na cika mutum. Shi ne ta ce za ta tserar. Wata guda ruwan kunu take ba shi. Da safe likita ya dube shi ya ce a fitar da shi, muka yi murna. Da yamma aka ƙirga, adadin da aka ɗora wa sarki bai cika ba. Aka sake tattaro waɗanda aka kora, aka ce wannan da wannan su shiga. Har da shi. Lokacin babu kamiyo, babu wata mota, da ƙafa aka kora mu yamma. Na ɗaukar masa kaya. Daga baya na ɗauke shi shi kansa. Rana ta tara ya ce in sauke shi a inuwa ya huta. Da bakin kwano na haƙa masa kabari. Ko sunan garin ban sani ba. Bai ga yaƙi ba, 'yata, ko ƙarar bindiga bai ji ba."

Kaji suna ta tono a tsakaninmu.

"Ban san wanda za su ɗauka ba. Abin da na sani, in sun ɗauka, can babu uwar da za ta ƙara masa tuwo. Abin da ya tafi da shi a jikinsa, shi ne guzurinsa. Harsashi na Allah ne, ba ni da maganinsa. Amma yunwa da gyambo, waɗannan namu ne."

Ya tashi ya tafi. Na kwance ganyen filaskon daga inda na ɓoye shi, na zuba a murhu. Ranar na dafa wake da mai, na yi malmala huɗu.

Sauran kwanakin ban rage ko loma ba. Yaron ya murmure, ya fi da. Saura mako guda, Baba ya sa shi tafiya har Magarya da buhu a baya, tafiyar yini guda cur, ya kwana, ya dawo washegari. Da ya cire takalmi babu bororo ko ɗaya. Baba ya ce wa jaki, "To, yanzu ka samu ƙane."

Ranar duba samarin, mata ba sa zuwa. Kwana biyu muna jira. Ran na uku da la'asar na ji guɗa a gidan maƙwabciyata. Ɗanta ya dawo. Likita ya ɗora shi a ma'auni ya ce a kore shi, kuma a shekarar adadi ya cika, ba a sake kiran kowa ba. Nawa likita ya buga masa ƙirji ya yaba. Aka sa waɗanda suka wuce su zura hannu a jaka su ɗauki lamba, tasa ta faɗa cikin masu tafiya. Baba ya dawo shi kaɗai. Ya rataya rigar yaron da hularsa a kan zana, a naɗe, bai ce wa jaki komai ba.

A nan zan faɗi abin da ba na jin daɗin faɗa. Na riƙe Baba a zuciya. Ban fasa kai masa tuwo ba, ban fasa wanki ba, kowa ya gani zai ce lafiya lau. Amma in ya yi wa jaki magana, turmi ya daina amsawa. Ya yi ta gwadawa wata da watanni, har ya bari. Kaskon man kaɗen nan da nake aika masa, na daina. Bai tambaya ba. Duk ranar da na ga ɗan maƙwabciyata ya wuce da hauya a kafaɗa, ya mayar da jikinsa, daga baya ma ya yi aure, sai in ji abin ya dawo sabo. In ce a raina, da na bi maganar ƙawata.

Wasiƙa biyu muka samu, malamin lakwal na Dungas, wato makarantar boko, ya karanta wa maigidana. Ta farko daga Dakar. Ta biyu daga wata ƙasa wai ita Indoshin, bayan teku. Daga nan shiru, fiye da shekara. A shekara ta biyu jakin ya mutu, Baba bai sayi wani ba. Na dai lura duk tsayuwar wata yakan ɗauki sanda da gora ya yi kwana uku ba ya gida. Ya ce wa maigidana zumunci yake zuwa. Na ce a raina, shi ko a jikinsa.

Shekara uku da wata tara. Ranar wata Laraba da kaka, rana ta yi sanyi, yara suka shigo a guje suna cewa ga soja. Kamiyon gyaɗa ne ya sauke shi a Dungas, ya ƙaraso da ƙafa. Gari duka ya taru a ƙofar gidanmu. Ni na shige madafa na ɗora tukunya, ina leƙe ta hudar zana. Ya rame, ya yi baƙi, akwai tabo a gefen wuyansa. Amma a tsaye yake, da ƙafafunsa.

Baba bai rungume shi ba. Ya nuna masa turmin nan da ke kife.

"Zauna. Cire."

"Tsoho, ashe ba ka mutu ba?"

"Na ce sai na ga ko ka iya wanke ƙafa. Cire."

Ya cire. Baba ya durƙusa, ya kama yatsun yana ƙirgawa a fili kamar mai ƙirga awaki. Da ya kai goma sai ya riƙe ƙafar da hannu biyu, ya daɗe kansa a sunkuye. Mutane suka kau da ido.

Yaron ya ba da labari kaɗan. Ya ce ƙasar ruwa ce, shinkafa suke shukawa a cikin taɓo, sai su yini uku takalmi bai bushe ba. Ƙafafun mutane suka riƙa ruɓewa, wasu aka yanke musu yatsu. Shi duk inda aka tsaya, ko ana dariyarsa, sai ya cire ya tsane ya shafa mai, in babu mai ya roƙi kitse wurin mai dafa musu abinci. Sai kuma ya juya ya dubi kakansa.

"Tsoho, da na tsaya barikin Magarya a buga mini takarda, planto, masinjan ofis, ya ji sunan garinmu ya ce, kai ne jikan dattijon nan? Wai duk wata kana zuwa ka zauna gindin bishiya, ba ka tashi sai an karanta maka sunayen waɗanda suka mutu. In ba ka ji nawa ba, ka sha ruwa ka juya."

Baba ya ce, "Planton nan bakinsa ba shi da ƙofa."

Sai a lokacin na dubi ƙafafun Baba. Yana durƙushe, dugadugansa suna wajena. Faso ya tsattsaga su har ana ganin ja a ciki, wani wurin ya ɗaure da zare. Mutumin da bai taɓa kwana da busasshiyar ƙafa ba. Yini guda zuwa, yini guda dawowa, duk wata, a cikin rairayi, da shekarunsa sittin da ɗoriya.

Da aka kira magariba mutane suka watse, ya tsaya jikin zana a kan hanyarsa ta zuwa masallaci.

"'Yata, ɗan maƙwabciyarki yana nan da 'ya'yansa biyu. Duk ranar da na gan shi sai in ce ko ke ce da gaskiya. Har yau ban sani ba."

Ya wuce.

Ni ma har yau ban sani ba. Ƙarfafa da yawa sun tafi ba su dawo ba, Allah ne ya tsare nawa. Amma na san mutumin da ya yi iyakar abin da ya sani, ya kuma ɗauki nauyin abin shi kaɗai bai ɗora wa kowa ba. Allah ya sanyaya masa makwanci, shi da ƙanensa da ke kwance a garin da ba a san sunansa ba. Allah ya sa tafiyarsa ta ƙare a inuwa.

Washegari, kafin a dawo daga sallar asuba, na ɗora ruwa ya yi ɗumi. Na kankaro man kaɗe na cika kasko. Ban aiki kowa ba. Na ɗauka da kaina, na zagaya ta ƙofar zanar da ban taɓa bi ba, na ajiye a gaban ɗakinsa. Na durƙusa a nan ina jira har ya dawo, na ce, "Baba, ina kwana. Ga ruwa, kada ya huce."